Fitilar Diwali da Gangar Uhola

Tun kafin mu saba ganin Ba'indiye a ƙasar Zuru, mutanenmu sun riga sun je sun same shi har gida. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Turawan Ingila suka kwashi runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma a jirgin ruwa suka sauke su a Bombay. Da shekara ta zagayo runduna ta 82 ta bi sawu. Daga can aka nausa da su dazukan Bama don su kara da Japanawa. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a ƙofofin barikokinmu har yau: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce da bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta. Duk wanda ya san yadda Bature ya ƙwallafa rai a kan Badakkare wajen ɗaukar soja ya san ba a rasa 'ya'yanmu a cikin jiragen nan ba.

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗannan mazan jiya. Ba kasafai yake ba da labarin harbi ba. Ya fi son labarin shanun da ke kwance a tsakiyar titi ba mai kora, da mutanen da ke cika ciki da shinkafa da wake ba tare da tsokar nama ba. Amma akwai abu ɗaya da yake maimaitawa. Da Hausa ake ba da oda a bataliya, da Hausa ake hira, amma idan dare ya yi ya ci karo da ɗan'uwansa K'lela, wato Badakkare, sai su ja gefe su yi ta C'lela, harshenmu, har barci ya ɗauke su, ko da ba su da wata magana ta kirki. Ya ce mini, “Jikana, a Bama na san harshe abinci ne.”

Bayan shekara talatin da 'yan kai sai reshe ya juya, Indiyawa suka zo mana. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin soja ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, a shekarar da aka raba mu da Neja muka tsaya a Jihar Sakkwato. Makarantu suka yawaita, malamai suka yi ƙaranci, musamman na lissafi da kimiyya. Gwamnatocin Arewa suka shiga ɗauko malamai a kan kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana. Wanda ya koya mana ilimin sinadarai mutumin Kerala ne, daga can kudancin Indiya. A bayan gidansa na rukunin malamai matarsa ta yi ɗan lambu, ta shuka ganyayen miyarsu da irin da ta ƙullo a gefen zane. Shekarun da ta yi a cikinmu ban taɓa ganin ta ba sari a jikinta ba, ko a kasuwa ko a asibiti. Maƙwabcinsu kuma ɗan arewacin Indiya ne. Wani dare, bayan ɗaukewar damina, muka hango barandarsa jere da ƙananan fitilu na kasko, irin aci-balbal ɗinmu, sun fi talatin. Muka ɗauka wuta aka ɗauke. Washegari ya raba mana alewar madara a aji, ya ce jiya Diwali ce, babbar sallarsu. Mutum huɗu ne kawai a gidan, ba dangi, ba wurin ibada, ba mai tambayarsu ko sun yi ko ba su yi ba. Suka yi abinsu.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin hali na gida ɗaya. Sai da na girma na karanta na gane gado ne mai tsawo, kuma a cikin wuya aka ƙera shi.

Ingila ta soke bauta a yawancin ƙasashen da take mulka a 1834. Bayin da aka 'yanta suka fara barin gonakin rake, masu gonaki suka rasa hannu. Sai aka juya ga Indiya, inda yunwa da bashi da harajin ƙasa suka riga suka karya talaka. Ranar 2 ga Nuwamba 1834 wani jirgi mai suna Atlas ya sauke 'yan ƙwadago na farko a tsibirin Morishas. Daga nan hanya ta buɗe: Guyana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Suriname a 1873, Fiji a 1879. Kafin a dakatar da ɗibar mutanen a 1917, sama da mutum miliyan ɗaya sun fita ta tashoshin Kalkata da Madras. Yawancinsu manoma ne daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh da ƙasar Tamil. Mutum zai dangwala yatsa a takardar aikin shekara biyar bai san abin da ke ciki ba, wani ma dillalin da ya yaudaro shi ya ce masa wurin ba nisa. Kalmar Turanci ta yarjejeniya ta yi musu nauyi a baki, suka lanƙwasa ta ta koma girmit, su kuma suka zama girmitiya.

Abin da suka rasa ya fi gona da gida. A al'adar Hindu ta lokacin, wanda ya haye teku, wanda suke kira baƙin ruwa, ya zubar da matsayinsa na haihuwa, ko ya dawo ba lalle danginsa su ci abinci da shi ba. A cikin jirgi kuwa ba babba ba ƙarami. Ɗan gidan malaman addini da ɗan gidan majema tukunya ɗaya suka ci, Musulmi da Hindu tabarma ɗaya. Watanni biyu ko uku a kan ruwa suka haifar da wani sabon zumunci: waɗanda suka zo a jirgi ɗaya suka riƙa kiran juna 'yan'uwan jirgi, suka riƙe wannan dangantaka tamkar ta jini, har jikoki. Mata ba su kai rabin maza ba, don haka aure ya tsallake shingayen da ba ya tsallakewa a gida. Al'adar da ta tsira a gonakin rake sabuwa ce da aka ɗinka da ƙyallayen tsohuwa. Mai littafin Ramayana na Tulsidas ya karanta wa sauran da dare, mai Alƙur'ani ya buɗe makarantar allo a bayan bukka, mata suka tuno waƙoƙin biki da na suna, aka shuka mangwaro da kurkur da tsamiya.

Kuma an biya farashi. Ranar 30 ga Oktoba 1884, a garin San Fernando na Tirinidad, ma'aikatan rake suka fito jerin gwanon Muharram da suke kira Hosay, Musulmi da Hindu a haɗe, alhali gwamnatin mulkin mallaka ta hana su shiga gari. Aka buɗe musu wuta, aka kashe fiye da mutum goma, aka jikkata da yawa. Ana yin Hosay a tsibirin har gobe. A wannan tsibiri ne kuma wani lebura mai suna Siewdass Sadhu ya gina ɗan wurin ibada a 1947 a filin kamfanin sukari. Aka rushe, aka ci shi tara, aka ɗaure shi kwana 14. Da ya fito ya ce to teku dai ba ta kowa ba ce. Ya riƙa ɗauko duwatsu da siminti a kan keke yana zubawa a cikin ruwa, shekara da shekaru, har ya samu tudun da ya yi gini a kai. Gwamnatin ƙasar ta sake gina wurin a 1995, lokacin cika shekara 150 da zuwan Indiyawa. Ni ba addininsa nake bi ba, amma duk lokacin da na tuna mutumin nan da kekensa sai in ji tsigar jikina ta tashi. Wanda ya yi golmo, ya shekara bakwai yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, ya san irin wannan naci.

Waɗanda suka fara zuwa Nijeriya ba ta wannan ƙofa suka fito ba. 'Yan kasuwa ne, Sindawa, daga birnin Haidarabad na lardin Sind, a bakin kogin Indus. Bayan Ingila ta ci ƙasarsu a 1843, sarakunan da suke yi wa hidimar kuɗi suka faɗi, sai suka ɗauki kayan saƙa da na sassaƙa suka bi hanyar jiragen ruwa: Masar, Malta, Jibiralta, har gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin Chellaram ya buɗe a Legas a 1923, gidan Chanrai ma ya kafu, kantunansu na yadi da kayan masarufi suka bazu har biranen Arewa. Tsarinsu shi ne a bar mata da yara a gida, namiji ya zo ya yi shekara biyu ko uku a bayan kanta, yana kwana a saman shago, ya koma. Baƙo raɓa ne, haka suka ɗauki kansu.

Sai 1947 ta zo. Aka raba Indiya biyu, Sind gaba ɗayanta ta faɗa Pakistan, Sindawa mabiya Hindu suka tsere suka bar gidaje da filaye. Mutanen Panjab da na Bengal da rabon ya shafa sun samu rabin lardinsu a ɓangaren Indiya, su kuwa Sindawa ko taki ɗaya ba su samu ba. Ɗan kasuwar da ke Legas ya wayi gari ba garin da zai koma. Daga nan ne iyalai suka fara biyo maza, zaman kanti ya zama zaman gida. Mutanen da ba su da ƙasa sai suka mai da al'ada ƙasarsu: bikin Cheti Chand na sabuwar shekara, girmama Jhulelal wanda suke dangantawa da kogin da suka baro, miyar gidansu, da aurar da 'ya'ya a tsakaninsu ko da ango yana Legas amarya tana Hong Kong. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fitar da su daga sayar da kaya a kanti, suka koma kafa masana'antu. Kasuwar Aswani ta Legas daga sunan masaƙar wani gidansu ta samo suna. Olam, wadda ke sayen riɗi da shinkafa a ƙauyukanmu, gidan Kewalram Chanrai ne ya kafa ta a Nijeriya a 1989. Taliyar Indomie da yaranmu ke kuka a kanta, gidan Tolaram ne ke bayanta, su ma Sindawa ne da suka biyo ta Indonesiya.

Ta fuskar hukuma ma dangantakar ta riga 'yancin kai. Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Legas a 1958, Firayim Minista Nehru ya kawo ziyara a 1962, kuma hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1964, shugabanta na farko Birgediya M.R. Varma. Ga gari irin namu da ya haifi hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi da Janar Tanko Ayuba da Sarki Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu, wannan ba ƙaramin zare ba ne.

Akwai wani abin da ke ɗaure mini kai a zamanmu da su. Babu baƙon da Bahaushe ya so al'adarsa kamar Ba'indiye. Tun shekarun 1950 da Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Bombay, Arewa ta kamu. Muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, muka haddace waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba, masu bandiri suka ɗora begen Annabi a kan karinsu, finafinan Kano suka tashi a inuwarsu. Amma Ba'indiyen da ke zaune a bayan katangarmu, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa cin abinci a gidansa? Malaman makaranta sun fi sakin jiki, wasunsu sun ji Hausa, sun je suna da jana'iza. Masu masana'antu kuwa galibi daga gida sai ofis sai kulob ɗinsu, kuma ƙorafin leburori a kan albashi da wulaƙanci a wasu kamfanonin ba ƙage ba ne. Katangar da ta tsare musu al'ada ita ce ta tsare su daga maƙwabta.

Gabashin Afirka ya nuna inda wannan kan kai. An kawo Indiyawa kusan 32,000 aikin shimfiɗa dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya tsakanin 1896 da 1901. Yawancinsu sun koma, amma 'yan kasuwar Gujarat suka bi layin dogon suka kafa kantuna. Bature ya jera mutane hawa uku, shi a sama, Ba'indiye a tsakiya, baƙar fata a ƙasa, kowa da unguwarsa da makarantarsa. A watan Agusta 1972 Idi Amin ya ba su kwana 90 su bar Yuganda. Zalunci ne tsagwaronsa, an ƙwace dukiyar mutanen da a nan aka haifi iyayensu, tattalin arzikin ƙasar kuma ya durƙushe. Amma abin da ya kamata mai tarihi ya lura da shi, talakawa da yawa sun yi murna a ranar, domin shekara saba'in ana zaune tare ba a zama dangi ba. Dubbai suka tafi Ingila da akwati ɗaya ɗaya. Birnin Lesta, wanda hukumarsa ta buga talla a jaridar Yuganda tana roƙon kada su zo, daga baya ya yi suna da bikin Diwali. Rishi Sunak, wanda aka haifi mahaifinsa a Kenya mahaifiyarsa a Tanganyika, ya zama shugaban jam'iyyarsa a ranar Diwali ta 2022, washegari ya zama Firayim Ministan Birtaniya.

Ita kanta Indiya ta daɗe ba ta waiwayi 'ya'yanta na waje ba. Nehru ya riƙa ce musu su rungumi ƙasashen da suke zaune. Sai a 2003 aka fara taron Indiyawa mazauna ƙetare, aka ɗora shi a kan 9 ga Janairu, ranar da Gandhi ya sauka Bombay a 1915 bayan dogon zamansa a Afirka ta Kudu. Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne: a 2022 kuɗin da suka aika gida ya haura dala biliyan 100. Lokacin da Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya zo Abuja a Nuwamba 2024, an ƙiyasta Indiyawan Nijeriya da kusan 60,000, kuma da kiɗa da rawar garuruwansu suka tarbe shi.

To amma a nan ne na ga abin da ya hana ni barci. Idan ka bi duk wuraren nan ka duba abin da ya tsira da abin da ya mutu, za ka ga biki ya tsira, abinci ya tsira, tufafin ranar aure sun tsira, addini ma ya tsira. Harshe ne ya fi shan kashi. A Tirinidad da Guyana harshen Bhojpuri da kakanni suka zo da shi ya kusa ƙarewa, sai 'yan kalmomin girki da na dangi da na ibada. A Durban jikokin Tamilawa Turanci suke yi a gida. Sindawan da suka fi kowa riƙon zumunci, da yawa daga samarinsu ba sa iya karanta harshen, duk da an sa shi cikin tsarin mulkin Indiya a 1967. Inda harshe ya rayu, irin su Fiji da Suriname, wurare ne da jama'a suka zauna a dunƙule, uwa tana yi wa ɗa faɗa da shi, ana ciniki da shi. Indiyawan Legas sun gane haka, shi ya sa a 1982 suka kafa makarantarsu a Ilupeju, suka sa mata sunan makarantar harshen Indiya, ana bin manhajar Delhi, ana koyar da Hindi. Malamanmu na nan Arewa kuwa ba su jira ba. Da naira ta fara faɗuwa a tsakiyar shekarun 1980 suka tattara, wasu zuwa gida, wasu zuwa ƙasashen Larabawa.

Mu ma mutanen ƙetare ne, ko da ba mu haye teku ba. Tun zamanin kakana, aikin soja da na ɗan sanda ya watsa Lelna, wato Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da sauran 'ya'yan masarautar nan a barikokin Kaduna da Jos da Inugu da Legas. An haifi ɗaruruwanmu a can, sun tashi da Hausar bariki da Turancin buroka. Alfahari kuwa ba mu rasa shi ba. Ka taɓa ɗan Zuru a ko'ina zai gaya maka jarumtar kakanninsa, da yadda duwatsun A'lela, ƙasarmu, suka gagari mahara, da golmo, da kokawa. Muna da ƙungiyoyin ci gaban gari a kowane birni. Uhola, wadda asalinta godiya ce bayan an kai amfanin gona rumbu da kuma yaye samari, ta zama taron da ake zuwa da motoci daga Abuja, ana ɗauka a waya ana watsawa a Facebook. Ina murna da wannan har zuciyata. Sai dai na ga Diwali a Tirinidad ta fi armashi a daidai lokacin da Bhojpuri ke mutuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa namu ya bambanta ba. An tsara yadda ake rubuta C'lela, akwai littattafan koyo, amma a cikin garin Zuru kansa yara da Hausa suke wasa. Hausa ba abokiyar gaba ba ce, ita ta haɗa kakana da Bagobiri da Babarbare a ramin yaƙi, da ita nake wannan rubutu. Bakin yaro yana ɗaukar harshe uku ba tare da ya gaji ba. Iyaye ne kan gaji.

A Uholar da na halarta ta ƙarshe, ƙanena ya zo daga Kaduna da 'yarsa mai shekara tara. An yi mata ado tsaf, duwatsun wuya da na ƙugu, ta fi duk yaran ƙauyen kyan shiga. Muka kai ta gaida innarmu, wadda idonta ya fara rauni. Tsohuwa ta shafa kanta, ta yi mata magana da C'lela. Yarinyar ta juya ta dubi ubanta ta ce, “Baba, me Kaka ta ce?” Ya buɗe baki zai fassara, tsohuwa ta ɗaga masa hannu. Ta kamo yarinyar ta zaunar da ita a cinya, ta sake faɗin maganar a hankali, gaɓa gaɓa, tana nuna bakinta. A waje an fara kaɗa ganga, mutane suna ta wucewa zuwa fili, mu kuwa muna tsaye a ƙofar ɗaki da takalma a hannu, ba wanda ya ce a tashi.